Kwalejin Mata ta Randolph-Macon: amana aka ci ko makaranta aka ceta?

Malam Auwalu:

Assalamu alaikum. Ina so in gabatar wa 'yan'uwa tarihin wata makaranta da ke garin Lynchburg a jihar Virginia ta Amurka, saboda akwai tambaya a cikinsa da na ga ta isa a zauna a kanta. Sunanta a yau Kwalejin Randolph, maza da mata ne ke karatu a cikinta, amma tun daga buɗe ta a 1893 har zuwa 2007 ana kiranta Kwalejin Mata ta Randolph-Macon, kuma mabiya ɗarikar Methodist ne suka kafa ta.

Asalin abin shi ne akwai wata kwalejin maza ta Methodist mai suna Randolph-Macon, wadda aka kafa a 1830 a garin Boydton, daga baya ta ƙaura zuwa Ashland a 1868. Shugabanta a ƙarshen wancan ƙarni, William Waugh Smith, ya nemi kwamitin amintattu ya yarda a riƙa ɗaukar mata, kwamitin ya ƙi. Da ya ga ba za su sauko ba, sai ya nemi a gina wa mata tasu dabam, aka kafa ta a 1891. Wani kamfanin filaye da ke raya unguwar Rivermont a Lynchburg ya ba da wuri, aka yi gini, aka buɗe ranar 14 ga Satumba 1893 da ɗalibai 36 masu kwana a makaranta da malamai 12. Abin da ya bambanta ta da yawancin makarantun 'yan mata na kudancin Amurka a lokacin shi ne Smith ya dage cewa sharuɗɗan shiga da na samun digiri su yi daidai da na kwalejojin maza masu daraja, kada a tsaya ga kiɗa da ladabin karɓar baƙi.

Shekara 113 bayan buɗewa, ranar 9 ga Satumba 2006, kwamitin amintattu ya kaɗa ƙuri'a, mutum 25 suka amince a fara ɗaukar maza, mutum 2 suka ƙi. Ranar 1 ga Yuli 2007 aka sauya sunan, bayan wata uku kuma aka kwashe zane-zane huɗu daga gidan adana zane na makarantar domin a sayar. Tambayata ita ce, amintattun nan amana suka ci, ko kuwa makarantar suka ceta daga mutuwa?

Alhaji Kabiru:

Wa alaikumus salam, Malam. Ni akanta ne, don haka da lissafi zan fara. A 2006 makarantar tana da ɗalibai kimanin 700, dukiyar ajiyarta kuma, wato kuɗin da masu kyauta suka tara mata ana juya su tana cin riba, ta kai kimanin dala miliyan 140. Wanda ya ji wannan adadi zai ce ai masu arziki ne, kuma haka tsofaffin ɗalibai da yawa suka ce. Amma matsalar ba a yawan ajiyar take ba, a yadda ake cinta take. Domin a jawo ɗalibai, makarantar tana yin rangwamen fiye da rabin kuɗin makaranta, sannan ta cike giɓin daga ajiya fiye da abin da ribar ke iya ɗauka. Wannan daidai yake da magidancin da ke yankar gonarsa yana sayarwa kowace shekara don ya yi cefane: gidan yana ci, amma kowa ya san inda za a ƙare. A ƙarshen 2006 hukumar da ke tantance ingancin kwalejojin kudancin Amurka ta yi mata gargaɗi a kan harkar kuɗi, kuma makarantar da ta rasa shaidar wannan hukuma ɗalibanta ba sa samun tallafin gwamnatin tarayya.

Hujjar da ake yawan kafawa a lokacin ita ce kimanin kashi 3 cikin 100 kaɗai na 'yan matan da ke gama sakandare a Amurka ke tunanin shiga kwalejin mata zalla. Idan kasuwarka ke nan, ba ka da zaɓi mai yawa. A ganina amintattun sun yi abin da aka ɗora musu, domin da babu gara ba daɗi.

Dakta Hauwa:

Alhaji, ban ƙi lissafinka ba, amma ina da ja a kan abin da ka kira ceto. Abin da aka ceta gine-gine ne da albashin ma'aikata da rabin suna. Abin da Smith ya kafa kuwa, wato wurin da mace ce shugabar ƙungiyar ɗalibai, mace ce editar jaridar makaranta, mace ce ke fara ɗaga hannu a ajin lissafi ba tare da ta duba wa ke kallonta ba, wannan ya ƙare a 2007. Makarantar nan ita ta yaye Pearl Buck a 1914, wadda ta karɓi kyautar Nobel ta adabi a 1938, ita ta yaye Blanche Lincoln da ta wakilci jihar Arkansas a majalisar dattawan Amurka daga 1999 zuwa 2011. Ba na cewa ba za su yi fice a wani wuri ba, amma irin wannan tarihi shi ne jarin makarantar na gaskiya, kuma shi aka fara kashewa.

Sannan ɗaukar maza bai kawo sauƙi nan take ba. Yawan ɗalibai ya ragu a shekarun farko bayan sauyin, tsofaffin ɗalibai da dama sun janye gudummawarsu, aka kuma ƙara ɗawainiyar kafa ƙungiyoyin wasanni na maza. Da ɗaukar maza ya wadatar, me ya sa aka koma kan zane-zane?

Ibrahim:

Ina neman afuwar manya, ni ɗalibi ne kuma akwai abin da ban gane ba tun daga tushe. Me ya sa coci zai kashe kuɗi wajen gina wa mata kwaleji a zamanin da wasu jami'o'in gwamnati ma ba sa ɗaukar su? Kuma su wane ne Randolph da Macon ɗin, limaman coci ne?

Malama Saratu:

Ƙanena Ibrahim, zan amsa maka gwargwadon abin da na sani, domin a cikin wannan ɗarika na tashi a Jalingo. Methodist tun daga wanda ya assasa ta, John Wesley, wanda ya rasu a 1791, ta ɗauki karatu a matsayin wani ɓangare na ibada. Wesley da kansa ya buɗe makarantar Kingswood a Ingila a 1748, ya kuma bar mata suna jagorantar ƙananan tarukan addu'a da nazari, har ya amince wa wasu su yi wa'azi. Da ɗarikar ta bazu a Amurka sai kusan kowane babban taron yanki ya so ya sami makarantarsa. Dalilin gina wa mata ba lallai ne ya zama neman daidaito irin na yau ba. Tunaninsu shi ne uwa ce makarantar farko, matar fasto da malamar makarantar Lahadi da 'yar mishan duka suna bukatar ilimi mai zurfi. Daga wannan tunani aka sami Kwalejin Wesleyan da ke garin Macon a jihar Georgia, wadda ta sami takardar izini a 1836 kuma har yau ta mata ce, aka sami ta Greensboro a North Carolina, aka sami ta Baltimore a 1885 wadda ta koma Goucher a 1910.

Randolph da Macon kuwa ba limamai ba ne, ba ma 'yan Methodist ba ne. John Randolph ɗan siyasar Virginia ne, Nathaniel Macon kuma na North Carolina, an sa sunayensu ne a 1830 saboda shahararsu a jihohin biyu da ake fatan samun ɗalibai da gudummawa. Dukansu sun mallaki bayi, ko da yake Randolph ya yi wasiyyar a 'yanta nasa bayan mutuwarsa. Ya kamata kuma a sani cewa cocin da ya kafa kwalejin matan reshen kudu ne, wanda ya ɓalle bayan rikicin 1844 a kan mallakar bayi, bai sake haɗewa da na arewa ba sai 1939. Smith kansa tsohon sojan kudu ne a yaƙin basasar Amurka. Saboda haka matan da aka buɗe wa ƙofa a 1893 farar fata ne kaɗai, kuma haka abin ya daɗe.

Malam Auwalu:

Na gode, Malama Saratu. Wannan ya tuna mini cewa rigimar 2006 ba ita ce ta farko ba a kan wa ke da makarantar. A 1905 attajirin nan Andrew Carnegie ya kafa gidauniyar da ke biyan malaman kwaleji fansho, amma da sharaɗin kada makarantar ta kasance ƙarƙashin ikon wata ɗarika. Smith ya so malamansa su sami wannan fansho, kwamitin amintattu kuwa ya tsaya a kan cewa shi ke zaɓen mambobinsa da kansa, ba taron coci ba. Limaman Methodist na Virginia suka tashi tsaye, a gabansu akwai James Cannon, wanda a lokacin yake shugabantar wata makarantar 'yan mata ta Methodist a Blackstone, daga baya kuma ya zama bishop. Hujjarsu ita ce talakawan coci ne suka tara kuɗin ginin, ba zai yiwu a wayi gari a ce coci baƙo ne a gidansa ba. Aka yi shekaru ana ja, a ƙarshe coci ya sami bakin magana a naɗin amintattu, kwalejin kuma ta fita daga tsarin Carnegie. A daidai wannan zamani ne Jami'ar Vanderbilt ta yi irin wannan shari'a da cocin kudu, ita kuma ta rabu da shi a 1914.

Smith ya rasu a 1912. A 1953 kwalejin matan ta sami kwamitin amintattunta na kanta, dabam da na Ashland. Abin da nake so a lura da shi shi ne hujjar Cannon ita ce hujjar da tsofaffin ɗalibai suka kawo bayan shekara kusan 100: mu muka ba da kuɗin, don wata manufa muka bayar, ba ku da ikon juya ta.

Barista Nafisa:

To, a nan ne shari'a ta shigo, kuma ina ganin nan ne zuciyar muhawarar. Ɗalibai da masu ba da gudummawa sun kai ƙara biyu. Ta farko ta ce akwai yarjejeniya tsakanin makaranta da ɗaliban da ta ɗauka, cewa za su yi shekara huɗu a kwalejin mata, domin abin da takardun talla da na shiga suka nuna musu ke nan. Ta biyu ta ce dukiyar makarantar amana ce da aka bayar don ilimin mata, don haka ba a juya ta zuwa wata manufa sai da izinin kotu. A watan Yunin 2008 Kotun Ƙoli ta jihar Virginia ta yi watsi da duka biyun. A kan ta farko ta ga babu wani alkawari bayyananne a takardun da aka gabatar, a kan ta biyu kuma ta ga makarantar kamfani ne mai zaman kansa wanda ba na neman riba ba, dokar kamfanoni ke tafiyar da shi, ba dokar amana ba.

Mu da muka san waƙafi za mu gane bambancin nan da nan. A waƙafi sharaɗin mai bayarwa yana ɗaure mai kula, nazirin ba mai dukiya ba ne, kuma ko musanya kadarar da ta daina amfani malamai sun tsaurara a kansa, ba a yi sai da sharuɗɗa da hannun alƙali. Matan da suka yi shekara da shekaru suna aika wa makarantar kuɗi sun ɗauka irin wannan suke yi, a zuciyarsu waƙafi ne. A takarda kuwa yawancinsu kyauta ce suka ba kamfani, kuma kamfani yana da ikon gyara takardar kafuwarsa. Amsata ga Malam Auwalu ita ce a doka ba a ci amana ba, domin doka ba ta ga amanar ba tun farko. Ko an ci ta a ɗabi'a, wannan wata magana ce, kuma ni ina ganin an ci wani ɓangare nata.

Alhaji Kabiru:

Barista, wane ɓangare? Idan mai bayarwa bai rubuta sharaɗi ba, ta yaya amintattu za su san abin da ke zuciyarsa? Sannan a duba dalilin kafa makarantar kamar yadda Malam Auwalu ya faɗa. An gina ta ne don Ashland ta ƙi ɗaukar mata. To Ashland ta fara ɗaukar mata a 1971. Jami'ar Virginia, wadda ita ce babbar jami'ar jihar, ta buɗe musu karatun digirin farko gaba ɗaya a 1970, Yale da Princeton a 1969, Washington and Lee a 1985, har makarantar soja ta VMI kotu ta tilasta mata a 1996. Dokar tarayya ta 1972 ta hana nuna bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnati. Yarinyar da a 1950 ba ta da wurin zuwa sai Lynchburg ko makamancinta, a 2000 duk ƙofofi a buɗe suke gare ta. Kwalejojin mata a Amurka sun haura 200 a shekarun 1960, yau ba su kai 40 ba. Ba amintattu 25 ne suka yi wannan ba. Ina ma iya cewa abin da Smith ya fara nema, wato maza da mata a makaranta ɗaya, shi ne aka yi a 2007.

Barista Nafisa:

Ɓangaren zane-zanen nake nufi, Alhaji, kuma a nan ba a bukatar a duba zuciyar kowa, domin an san yadda aka same su.

Malam Sanusi:

Bari in shigo a nan, domin zane shi ne fannina. Malamar zane ta farko a makarantar, Louise Jordan Smith, ita ta fara baje kolin zanen zamani na shekara-shekara a 1911, a ƙaramin gari da ba shi da gidan adana zane ko ɗaya. A 1920 aka kawo wani zanen George Bellows mai suna Men of the Docks, wanda ya yi a 1912, yana nuna leburorin tashar jiragen ruwa a Brooklyn suna tsaye cikin sanyin hunturu suna jiran a ba su aiki, ga wani ƙaton jirgi a gefensu, ga dawakan jan kaya. Ɗalibai da mutanen gari suka yi karo-karo suka saya a kan dala 2,500. Shi ne tushen tarin zanen makarantar, daga shi aka ci gaba da saye kusan kowace shekara har tarin ya zama ɗaya daga cikin sanannu a kwalejojin Amurka.

Ginin da ake ajiye su ma yana da nasa labari. A 1951, lokacin da ake fargabar yaƙin nukiliya, babban gidan adana zane na ƙasa da ke Washington ya ƙulla yarjejeniya da kwalejin cewa za a gina ma'ajiya a harabarta, wadda za a kwaso manyan zane-zanen ƙasa a ɓoye a ciki idan an kai wa babban birnin hari. An buɗe ginin a 1952, harin bai zo ba, kwalejin ta ci gaba da amfani da shi, shi ne ake kira gidan zane na Maier.

A farkon Oktoban 2007 aka zo aka cire zane huɗu ba tare da sanin ma'aikatan gidan ba tun da wuri: na Bellows, da na Edward Hicks, da na Ernest Hennings, da na Rufino Tamayo ɗan Meziko. Shugabar gidan ta yi murabus. Masu adawa sun samu kotu ta dakatar da gwanjon bisa sharaɗin su ajiye dala miliyan 1, ba su iya cika kuɗin ba, dakatarwar ta faɗi. An sayar da na Tamayo a 2008 a kan dala miliyan 7.2, na Bellows kuma a 2014 babban gidan zane na Landan ya saye shi a kan dala miliyan 25.5. Ƙa'idar gidajen adana zane a Amurka ita ce idan ka sayar da zane, kuɗin ya tafi ga tarin zanen, ba ga albashi da gyaran rufi ba, shi ya sa ƙungiyar shugabannin gidajen ta sa wa Maier takunkumi, ta nemi mambobinta su daina ba shi aron zane. Dalilin ƙa'idar a fili yake: ranar da masu kyauta suka gane cewa abin da suka bayar don a gani zai iya komawa kuɗin cike giɓi, ranar za su daina bayarwa.

Alhaji Kabiru:

Malam Sanusi, na ji, amma kwaleji makaranta ce kafin ta zama gidan zane. Zanen da aka saya dala 2,500 ya kawo dala miliyan 25.5 cikin ajiyar da ke biyan tallafin karatu. Bai kuma shiga ɗakin wani attajiri ya ɓace ba, yana rataye a Landan inda shiga kyauta ce, mutanen da ke ganinsa a wata ɗaya sun fi waɗanda za su gan shi a Lynchburg a shekaru. Ɗaliban 1920 don amfanin ɗalibai suka saya, kuma ɗalibai ne suka amfana.

Dakta Hauwa:

Don ɗalibai su riƙa tsayawa gabansa suka saya, Alhaji, ba don a mayar da shi takardar banki ba. Yarinyar da ta taso a ƙauyen Virginia ba ta da kuɗin jirgi zuwa Landan.

Amma bari in koma ga maganarka cewa babu zaɓi, domin akwai misali kusa. Kwalejin mata ta Sweet Briar tana da nisan kimanin kilomita 20 daga Lynchburg. A watan Maris 2015 amintattunta suka sanar cewa za su rufe ta baki ɗaya, da hujjoji irin naka. Tsofaffin ɗalibai suka kai ƙara, suka yi alkawarin tara dala miliyan 12, a watan Yuni aka yi sulhu, aka sauya shugabanni, makarantar tana nan har yau kuma ta mata ce. Hollins da ke Roanoke ita ma ba ta ɗauki maza a digirin farko ba. A California, a 1990, amintattun Kwalejin Mills sun yanke shawarar ɗaukar maza, ɗalibai suka rufe makarantar da yajin aiki na kusan mako biyu, aka janye shawarar. Ɗaliban Lynchburg ma sun yi zanga-zanga sun ƙaurace wa aji a 2006, bambancin kawai shi ne ba a saurare su ba.

Barista Nafisa:

Dakta, misalin Sweet Briar yana ƙarfafa abin da na faɗa ne. Wannan makaranta wasiyya ce ta kafa ta. Indiana Fletcher Williams ta bar dukiyarta a rubuce cewa a yi makarantar 'yan mata don tunawa da 'yarta da ta rasu, aka kafa a 1901. Saboda haka lauyoyi suna da takardar da za su riƙe su ce ga sharaɗin mai bayarwa. Matan Lynchburg ba su da irin wannan takarda a kan makarantar gaba ɗayanta. Ba ƙaunar makaranta Sweet Briar ta fi su ba, rubutu ta fi su.

Alhaji Kabiru:

Kuma a cika labarin Mills, Dakta. Ta yi shekara 32 bayan yajin aikin, sannan a 2022 ta narke cikin Jami'ar Northeastern, yanzu reshe ce mai ɗaukar kowa. Domin adalci zan kawo wanda bai goyi bayana ba: Kwalejin Wells ta jihar New York ta fara ɗaukar maza a 2005, duk da haka ta rufe a 2024. MacMurray ta Illinois, wadda ita ma Methodist suka kafa don mata a 1846, ta rufe a 2020 bayan ta daɗe da haɗa maza da mata. Ɗaukar maza ba magani ba ne mai tabbas, na yarda, ƙananan kwalejoji masu tsada duka suna cikin wahala. Abin da nake cewa shi ne Randolph tana nan a buɗe, ana karatu.

Ibrahim:

To yanzu akwai abin da ya rage na tsohuwar makarantar, ko gini ne kawai?

Malam Auwalu:

Akwai, Ibrahim. Babban ginin jan bulo na 1893 yana nan, haka ma hamayyar wasa tsakanin 'yan ajin da za su gama a shekara mai mara da masu gamawa a shekara mai cika, wadda ɗalibai suka gada tun farkon ƙarni na 20. Akwai kuma wasan kwaikwayon Girka da malama Mabel Whiteside ta fara a 1909, ɗalibanta suna yin sa cikin harshen Girkanci na da har zuwa 1954, aka farfaɗo da shi a 2000 a filin wasa na waje da ke ɗauke da sunanta.

Abin da ni na fi so a tuna da shi kuwa ya faru ne a Disamban 1960. Ɗalibai shida, biyu daga wannan kwaleji, biyu daga Kwalejin Lynchburg, biyu kuma baƙar fata daga makarantar tauhidi ta Virginia da ke garin, suka zauna tare a wurin cin abinci na kantin magani na Patterson, inda ba a ba baƙar fata abinci. An kama su, aka yanke musu kwana 30 a kurkuku. 'Yan mata biyu farar fata daga makarantar da ake ganin ta 'ya'yan manya ce sun shiga gidan yari a garin da jaridunsa ke goyon bayan wariya. Wannan yana cikin abin da Dakta Hauwa ke nufi da jarin makaranta, ko da yake Alhaji zai iya cewa biyu daga cikin makarantun ukun ba na mata zalla ba ne kuma su ma sun fitar da masu irin wannan zuciya.

Dakta Hauwa:

Zai iya faɗa, kuma ba zan musa ba. Abin da ban ji an amsa ba shi ne matsayin coci. Cannon ya yi faɗa a kan fansho, to ina magadansa suke a 2006 da ake sauya manufar makarantar ɗungurungum? Malama Saratu, ko coci ya ce wani abu?

Malama Saratu:

Dakta, zuwa 2006 alaƙar ta riga ta zama ta tarihi da girmamawa fiye da ta iko. Shawarar ta kwamitin amintattu ce, kuma ɗaukar maza ba abu ne da ya saɓa wa koyarwar coci ba, tunda yawancin makarantun da ke da alaƙa da Methodist a Amurka sun daɗe da haɗa maza da mata, har da ita Ashland ɗin. Ɗaliban ma daga addinai dabam-dabam suke, wasu daga ƙasashen waje.

Rabuwar ta zo ne daga wata hanya. Cocin United Methodist, wanda aka kafa a 1968 da haɗewar Methodist da ɗarikar Evangelical United Brethren, wannan ta biyun ce kuma ɗarikar da mishanta suka yi aiki a ƙasar Muri inda cocinmu ya samo asali, ya yi babban taro na musamman a St. Louis a watan Fabrairun 2019. Taron ya tabbatar da haramcin ɗaura auren jinsi ɗaya da naɗa masu irin wannan aure a matsayin limamai, kuma ƙuri'un wakilan Afirka sun yi nauyi wajen samun wannan sakamako. Wasu makarantun Amurka suka ga hukuncin ya ci karo da ƙa'idojinsu na ɗaukar ɗalibai da ma'aikata, suka yanke alaƙa da cocin a wannan shekara, Kwalejin Randolph tana cikinsu tare da Baldwin Wallace da Mount Union na jihar Ohio. Wannan karon ma kwamitin amintattu ne ya yanke shawarar, babu kuma wata kotu da aka je.